Shekara Tara Babu Mai Tambayar "Wa Ya Faɗa?"

Shekara tara ke nan a wannan daminar da muka rasa yayata Rakiya. A gidanmu na Roni, Yaya muke ce mata. A makarantar koyon aikin jinya da ta koyar kuwa, wadda ba zan kama sunanta ba, ɗalibai sun laƙaba mata Malama Wa-ya-faɗa. Ta san da sunan, har daɗi yake mata. Na daɗe ina son in rubuta wani abu a kanta ina fasawa, amma abin da ya faru da 'yarta Nafisa a bana ya hana ni yin shiru.

Halin nata gado ne. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, malamin zaure ne, kuma ba ka isa ka kawo masa hadisi da ka ba sai ya tambaye ka wa ya ruwaito, daga wa, a wane littafi. In ka ce a wurin wa'azi ka ji ranar kasuwa, sai ya ce to ka mayar da shi kasuwar. Mu sauran 'ya'yan mun ɗauki abin fitinar tsufa. Yaya ce kaɗai ta kwashe shi ta tafi da shi asibiti.

Ta fara aiki a ƙaramin asibitin da ke Gwiwa, aka mayar da ita Babura, daga baya ta koma koyarwa. A nan ne ɗalibai suka ga takansu. Duk wanda zai rubuta aikin bincikensa na kammala karatu a hannunta, ya san ba zai ce "masana sun ce" ya wuce lafiya ba. Su wane ne masanan? Ka ga takardar da idonka, ko a bakin wani ka tsinta? In ka kawo takardar ma ba ka tsira ba, don ba ta fara karatu daga sakamako. Can tsakiya take zuwa, inda aka faɗi yadda aka yi binciken da irin mutanen da aka yi shi a kansu. Sannan ta duba mujallar, ta ga ko wasu masana suna tantance aiki kafin a buga, ko kuwa irin wadda in ka biya ko labarin kishin kaji ka aika za ta buga maka ce.

Lokacin intanet ba ta shigo aljihun kowa ba. Takan hau acaɓa zuwa wani shagon kwamfuta a cikin Kazaure, ta zauna tana jiran takarda guda ta buɗe, a ɗauke wuta, a tayar da janareta, ta sake daga farko. Ran Asabar ta shiga motar Kano zuwa ɗakin karatu, ta dawo da kwafin takardu cike da jaka, ta raba wa ɗalibai. Ni malamar firamare ce, kuma bakina ba ya shiru. Nakan ce mata Yaya, allura dai allura ce, wa zai tambaye ki sunan Bature kafin ya miƙo hannu? Sai ta harare ni ta ce ai shi ya sa, tunda majinyaci ba zai tambaya ba, dole wani ya tambaya masa.

Akwai ranar da ba na mantawa. Na je gidanta na tarar da wata ɗaliba a kan tabarma, ta zo da takarda mai kyau tana murna. Takardar ta ce cibiyar jariri a bar ta ta bushe da kanta, kada a shafa komai. Yaya ta karanta a nitse, ta ce takardar ba ƙarya ta yi ba, amma a duba inda aka yi aikin. Ashe manyan asibitoci ne na wata ƙasa mai nisa, inda ake haihuwa a gado mai tsabta.

"To ke a ina za ki yi aiki?" ta tambaye ta.

"Wataƙila Gwiwa, Malama."

"A Gwiwa na karɓi haihuwa a ɗakin da akuya ke leƙowa, kakar yaro na jira da tsumma mai zafi za ta gasa cibiya. Je ki nemo min wanda ya yi bincike a kan irin jariranmu."

Yarinyar ta fita kamar za ta yi kuka. Ta ɗauki makonni kafin ta dawo, amma ta dawo da shi.

Nakan zauna in ce da Yaya za ta leƙo yau, me za ta gani? Za ta fara murna, na sani. Abin da take shiga motar Kano dominsa yanzu yana cikin wayar kowace ɗaliba. Amma murnar ba za ta kai la'asar ba. A bakin ƙofar makarantu akwai shagunan kwafi da ke sayar da aikin bincike dafaffe, sai dai a goge Babura a rubuta Roni, a canja sunan mai shi. Ga kuma manhajar nan ta waya da za ka tambaya ta zubo maka babi guda, har da jerin sunayen masana a ƙasa, tsaf da su. Ba wanda ke wahala yanzu, kuma ba wanda ke tambaya.

Nafisa tana ƙarama uwarta ta rasu, a hannuna ta girma a nan Kazaure. Da ta ce jinya za ta karanta, na yi kuka na yi dariya. Da ta kai shekarar ƙarshe sai ta zaɓi yin bincike a kan yadda ake kula da cibiyar jarirai a ƙauyukan Gwiwa, ba tare da na taɓa ba ta labarin ranar tabarmar nan ba. Ta yi ta zirga-zirga a kan babur cikin taɓo, tana zama da masu jego da ungozomomi. Wannan ɓangaren ya yi kyau. Matsalar ta taso ne a babin da ake kawo abin da masana suka riga suka rubuta.

Ita ma ta tambayi manhajar kamar kowa, ta ba ta dogon jeri. Sai jinin uwarta ya motsa. Ta ɗauki sunayen ɗaya bayan ɗaya tana nema. Wasu ta same su. Wasu kuwa sunan marubuci kamar gaske, sunan mujalla na gaske, amma takardar babu ita a duniya. Wasu sun fito a irin mujallun da uwarta ke jefarwa a kwando. Masu kyan kuma da yawa a kulle suke, kanun kawai za ka gani sai makarantarku ta yi rajista, tasu kuwa ba ta yi ba. Da ta gama tacewa, abin da ya rage mata bai cika shafi ba, amma kowace ta karanta ta daga farko har ƙarshe.

Malamin da ke duba aikinta ba mugu ba ne, ba zan ɗauki alhakinsa ba. Ɗalibai sun yi masa yawa, tebur ya cika, don haka shafin ƙarshe yake buɗewa ya ga tsawon jeri. Ya ce nata ya yi kaɗan, wasu kuma sun tsufa, ta ƙaro sababbi. Ta yi masa bayani, ya ce ya ji, amma masu zuwa daga waje su duba ba za su ji ba. Ya dawo mata da shi, ta sake nema, ya sake dawo mata da shi. Ƙawayenta da ba su duba ko suna ɗaya ba tuni an sa musu hannu. Kuma duk wadda ba a sa wa hannu ba kafin wa'adi, ba za ta zauna jarrabawar ƙarshe da 'yan ajinsu ba, sai baɗi.

Wata ranar Juma'a ina tsince shinkafa Nafisa ta zo ta zauna kusa da ni.

"Inna, da Umma ce, me za ta ce in yi?"

Na ce Ummanki tana gefen masu sa hannu ne, ke kuwa kina gefen masu jira, ban san abin da za ta ce ba. Gaskiyata ke nan, kuma har yau tana yi min ciwo.

Ta cika jerin. Ta mayar da sunayen da ta san babu su, ta kai, aka sa hannu kafin ta gama gyara zaman mayafinta. Ba wanda ya tambaye ta komai.

Da aka ɗinke aikin da koren bango ta kawo min kwafi. Na san a rubutunta na farko akwai shafin sadaukarwa, ta rubuta sunan uwarta cikakke da addu'a a ƙasa, don ni ta fara nuna wa. Na buɗe ina nemansa. Daga shafin sa hannu sai godiya. Na koma baya na sake dubawa, na ce ko mai ɗinki ne ya yar da shi.

"Ina shafin Ummanki?"

"Ni na cire, Inna. Ba zan sa sunanta a kan abin da ban gani da idona ba."

Ta ci jarrabawa, alhamdu lillahi, kuma na san za ta riƙe majinyata da amana. Amma ba zan yaudari masu karatu in ce komai zai gyaru ba, don ban ga alama ba. Aikin nan yana ajiye a kan kantar littattafai a makaranta. Baɗi wani zai kai shi shagon kwafi, a goge Gwiwa a rubuta Babura, sunayen da babu su kuma su ƙara samun wanda ya ruwaito su. Wata rana ɗaya daga cikin yaran nan ita za ta zama malama, ta koyar da abin da ba ta taɓa bin asalinsa ba, wata kuma ta ɗauka ta nufi ɗakin mai jego da shi.

Jakunkunan takardun Yaya gara ta cinye rabi, sauran mun ba mai ƙosai. Ɗalibanta sun watsu, wasu sun yi ritaya, laƙabin ma babu mai tunawa. Na auna abin da ya rage nata a duniya, ban samu makaranta ko tsari ko magaji a kujerarta ba. Abin da na samu shi ne yarinya guda da aka tilasta wa yin abin da kowa ke yi, ta yi, amma ta ji kunyar uwarta. Ban sani ba ko wannan ya isa. Allah ya haskaka kabarinki, Yaya, ya sa tambayar da za a yi miki ta zo da sauƙi fiye da wadda kika yi wa ɗalibanki. Kwafin aikin Nafisa yana cikin akwatina, kuma duk sanda na buɗe shi, wurin da babu shafin nan nake fara dubawa.