Gorar da Inna Ta Hau Dutsen Saur da Ita

Mu mutanen unguwar Tandabawi ta Makka ba ma hawa dutse sai da dalili. Duwatsu sun kewaye Makka ta ko'ina, wasu gidajen ma a kansu suke, amma a ce mutum ya tashi takanas ya je ya hau dutse don ya ga abin da ke sama, wannan aikin baƙi ne. Alhazai su zo su yi wata guda, su hau Hira su hau Saur, su koma gida suna ba da labari. Mu da muke zaune a gindin abin muna can muna tuƙa musu tuwo.

Inna ce ta karya mana wannan al'ada, wata shekara cikin shekarun sittin, bayan mun dawo daga Arfa da tukwanenmu. Wata Bazazzagiya da ta ci abinci a rumfarmu ta gaya mata wai daga ƙololuwar Dutsen Saur, in gari ya yi garau, ana hango teku. Ban sani ba ko ta gani da idonta ko ita ma ji ta yi. Amma maganar ta zauna wa Inna a rai. A ƙetaren tekun nan, ta gefen Sudan, aka binne wana, lokacin da iyayena ke tahowa a ƙasa, ni ina goye a baya. Inna ba ta taɓa komawa ba, ga shi yanar ido ta fara rufe mata gani. Ta ce tana so ta ga ko da gefen da yake kafin idon ya tafi gaba ɗaya. Ba ta kama sunansa, don ɗan fari ne. "Wancan yaron" kawai take cewa, mu kuwa mun san wa take nufi.

Da Baba ya ji, sai ya gyara zama. Shi dama jira yake a taɓo tafiya. "Ni da na tako daga Kano har bakin teku da ƙafar nan," ya ce yana nuna mana ƙafar kamar ba mu santa ba, "wani ɗan tudu ne zai gagare ni?" Washegari ya tafi haraj, kasuwar gwanjo, ya dawo da wasu takalma masu wuya har ƙauri, kowanne da nauyin dutsen niƙa. Mai sayarwa ya rantse masa na Jamus ne, wai can mutanen ƙauye da su suke hawa duwatsu ranar hutu.

"Me suke samu a saman?" Inna ta tambaya.

"Ba komai. Su duba, su sauko."

"Ba lada, ba ciniki?"

"Ko ɗaya."

Inna ta ce Allah ya sawwaƙe musu.

Shirin Inna ya fi na Baba ban tsoro. Duk wanda ya hau ya ce mata tafiyar safiya ce, kafin azahar an sauko. Sai ta ce to, ta ci gaba da ɗaura kaya. Tabarma biyu. Tukunya da itacen girki. Garin gero, kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa. Buta, bargo, allura da zare, maganin kunama. Garwar ruwa cike. Har likkafaninta da ta wanke da Zamzam ta naɗe ta sa a tsakiya. Sannan ta sauko da wata tsohuwar gora da ke rataye a ɗakinta tun ina ƙarama, ta cika ta, ta toshe baki, ta ɗaura a ƙugu.

Na ce, "Inna, dutse za mu hau ko ƙaura za mu yi?"

Ta ce, "Ke a baya kika yi tafiyar, shi ya sa kike da baki."

Na sunkuya na kama mata ɗaurin kaya. Lokacin na yi aure har na yaye, amma in Inna ta tuno mini da zanin goyo sai in koma yarinya.

Bayan sallar asuba muka tsayar da mota. Direban, wani Balarabe, ya dubi kayan, ya dube mu, ya ce, "Ya Hajja, hijira?" Baba ya mayar masa da Larabcin da ya fi na direban tsawo, har muka isa gindin dutsen suna musu a kan wata akuya da ba ma tare da ita.

A nan kuskurenmu ya fito fili. Mu mutanen shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ne, kaya a ka muka sani. Na naɗa gammo na ɗora garwa, Inna ta ɗora ƙunshinta, Baba ya saɓa tabarmi. To, dutse ba ya son mai kaya a ka. Sai ka sunkuya, sai ka dafa da hannu, sai ka ɗaga kai ka ga inda za ka sa ƙafa. Na ɗaga kai sau ɗaya, rabin garwar ya bi ta bayana har cikin zani. Wasu alhazai 'yan Jawa, mutanen gabas mai nisa, suka wuce mu, kowa da 'yar sandarsa kawai, suna yi mana sallama suna waiwaye.

Ba mu kai ko kashi ɗaya cikin uku ba Baba ya zauna a kan wani falalen dutse. Ya ce ba gajiya ya yi ba, tunani yake yi. Da ya cire takalman Jamus sai ga diddigensa sun yi jawur, sun saluɓe. Ƙafar da ta tako daga Kano da takalmin fade ɗaya ta sha kashi a hannun takalmin gwanjo.

"Malam, ko mu jira ka gama tunanin?" in ji Inna.

"Halas, shi ke nan, ku je," ya ce. "Dole ne wani ya tsare kaya. Ai ba a barin kaya a daji."

Haka muka sauke masa tukunya da itace da gero da tabarmi, ya zauna a tsakiyarsu kamar mai tireda. Ba mu yi nisa ba muka ji ihunsa. Birai ne. Dutsen nan cike yake da su, kuma sun san ɗan Adam da ƙunshi. Na leƙa ƙasa na hango Baba tsaye ba takalmi, yana wurgi da ɗaya daga cikin na Jamus, wani ƙaton biri kuwa yana zaune nesa kaɗan da ƙullin daddawa, yana shinshinawa yana yamutsa fuska. Na yi dariya har sai da na zauna. Inna ta ce, "Bar su, shi da su duk ba su da aikin yi."

Daga nan dariya ta fara ƙarewa. Rana ta ɗaga, dutse ya ɗau zafi. Muka ajiye bargo a wani lungu, gaba kaɗan buta, gaba kaɗan garwar da ta riga ta zama fanko. Likkafanin ma Inna ta danne shi da dutse ta ce in an buƙace shi an san inda yake. Takan yi taku kaɗan ta tsaya, tana cewa "shwayya shwayya", wato sannu-sannu, kamar tana lallashin jaki. Na tsorata ƙwarai. Na ce mu koma, ta yi kamar ba ta ji ba.

Ƙishirwa ta kama ni sosai, harshena ya manne. Ga gora tana ƙugun Inna, ina jin ruwan yana motsi duk takun da ta yi.

"Inna, moya, ruwa. Ko kurɓi ɗaya."

"Ba yanzu ba."

Na ji haushi, ba na ɓoyewa. Na ce a raina, mace ta ɗauko daddawa don birai amma ta hana 'yarta ruwa. Ƙarshen hawan da rarrafe muka yi shi, ina tura ta daga baya ina ƙunƙuni.

A sama mutane duk sun yi wajen kogon da Annabi ya ɓuya a ciki lokacin hijira, suna layi suna leƙawa. Inna ko kallon wajen ba ta yi ba tukuna. Ta ce, "Ina yamma?" Na juya ta. Na duba iya ganina. Duwatsu ne baƙaƙe, bayansu wasu duwatsun, sai wani fari-fari can inda sama ta taɓa ƙasa. Ko teku ne ko tururin rana, wallahi ban sani ba.

"Kin gani?" ta tambaya.

"Akwai wani fari can ƙarshe, Inna."

"Shi ne," ta ce.

Ta zauna ta kwance gorar, ta ɗora a cinya. Ba ta dube ni ba ta ce, "Ran nan ma, a hanyar Sudan, ce mana aka yi kusa ne. Wai kafin azahar mun kai rijiya. Sai na ɗauki wannan kaɗai." Ta shafa gorar. "Kwana muka yi ba mu kai ba. Yana ta cewa Inna ruwa, ina girgiza masa ita don ya ji ba kome."

Ban taɓa jin wannan ba. Na san ya rasu a hanya, ban san ta yaya ba. Sai na tuno randarmu ta gida da ba ta taɓa sauka ko rabi ba, da faɗan da nake sha in na bar ta ba murfi.

Inna ta buɗe gorar, ta zuba a tafin hannu, ta yayyafa wajen yamma kamar yadda ake yi wa sabon kabari. Sannan ta kira sunansa, a fili, sau ɗaya. Ranar na fara jin sunan daga bakinta, ban kuma sake ji ba.

Can ƙasa muryar Baba tana tasowa, har yanzu yana zagin birai da Larabci.

Inna ta goge fuska da gefen mayafi, ta miƙo mini gorar.

"Sha," ta ce. "Shanye duka, akwai wani a gida."