Bidiyon Hedimasta

A layinsu ba mai kiranta da sunan yanka. Mai Kek kawai, tun lokacin da ƙamshin bota yake fita ta tagar kicin ɗinta yana tsayar da masu wucewa. Ba sayarwa kaɗai take yi ba, har da koyarwa. Tana da shafinta na intanet inda take rubuta yadda ake kwaɓi, da abin da ke sa kek ya lotsa a tsakiya. Mata daga garuruwan da ba ta taɓa takawa ba suna shiga suna karantawa, su turo hoton nasu ko da ya ƙone.

Sai ciwo ya kwantar da mijinta. Hedimasta ake ce masa har bayan ya yi ritaya. Mutum ne da ko ƙofa aka buga, sai ya sa riga ya ɓalla maɓalli har wuya kafin ya leƙa. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, maganarsa ta koma sai ita kaɗai ke ganewa. Shekaru ta yi tana juya shi, tana goge shi, tana ba shi abinci da ƙaramin cokali, har Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa.

Da ta fita takaba ta buɗe obin ɗinta na gasa kek, ta tsaya tana kallo, ta mayar ta rufe. Hannunta ya riga ya koyi wani aikin. Sai ta juya shafin gaba ɗaya, ta shiga rubuta abin da ba wanda ya gaya mata sai da ta sha wuya: yadda mace za ta juya ƙaton namiji ba tare da bayanta ya riƙe ba, inda gyambon kwanciya yake fara ja kafin ya fashe, yadda ake canza zanin gado mutum yana kai, yadda ake yi wa mara lafiya alwala.

Shafin ya yi tsit kamar gidan da aka tashi. Kullum bayan asuba takan duba wurin da ke nuna masu shiga, ta tarar layin nan da yake hawa kamar tudu ya kwanta a ƙasa. Mabiyanta na Fesbuk suna ta zamewa. Waɗanda suka rage kuwa gara ma su tafi. "Anti, ina kek?" "Anti, wannan rubutun tsoro yake ba ni, a dawo mana da na biki." Abin yana ci mata rai. Ta sani sarai kowane layi akwai ɗaki a rufe, da mace a ciki tana fama ita kaɗai, amma waɗannan matan ba su san da ita ba, masu kek kuma ba su da buƙatarta.

Ƙanwarta, Auta, wadda ke sayar da jakunkuna da takalma ta waya, ita ta kawo shawara.

"Yaya, ke matsalarki rubutu kike yi kamar takardar magani. Wa zai bar masu rawa da barkwanci ya zo karanta gyambo? Ba ni wayar da lambar sirrinki, ki ga aiki."

Ta ba ta, kamar yadda take ba ta makullin ɗaki; kullum sai Auta ta zo ta yi aikinta a wayar ta mayar mata. A gaskiya Auta ta yi ƙoƙari da farko. Ta cire hoton kek daga saman shafin, ta shiga zaurukan mata masu jinya na Fesbuk, ta riƙa gutsura dogon rubutun tana sawa kaɗan-kaɗan, da adireshin shafin a ƙasa. Layin ya ɗan ɗaga kai. Mai Kek ta yi hamdala. Auta kuwa ta ce wannan ai tafiyar hawainiya ce.

A cikin wayar akwai wani bidiyo. Likitan gashin ƙashi ne ya ce ta ɗauko masa ya ga yadda take juya Hedimasta a gida, ta jingina wayar a taga ta ɗauka. Yana ciki daga shi sai singileti da kunzugun manya, miyau na bin gefen bakinsa. Ta kasa gogewa, saboda a ƙarshe ya yi mata wata 'yar dariya da rabin fuska.

Wata safiya tana shanya, 'yarta da ke aure a wani gari ta kira. Ko gaisuwa babu.

"Mama, me Baba yake yi a Fesbuk?"

Da jiƙaƙƙen hannu ta buɗe Fesbuk. Ga shi nan. A sama an rubuta da manyan baƙi: KALLI ABIN DA MATAR NAN TAKE YI WA MIJINTA, SAI KA YI KUKA. A ƙasa adireshin shafinta. Mutane kamar kasuwa. Masu addu'a suna yi. Wani ya rubuta, "Kai! Ba Hedimastanmu ba ne wannan?" Wani ya amsa masa, "Shi ne fa, mai tsayar da mu a rana. Duniya kenan," ya jera fuskokin dariya.

Ba ta yi kuka ba. Tana nan tsaye Auta ta faɗo gidan da guɗa, mayafi a kafaɗa.

"Yaya, kin gani? Shafinki har nauyi yake yi wajen buɗewa saboda jama'a!"

"Wa ya ba ki?"

"Me?"

"Mijina. Wa ya ba ki shi?"

"Haba Yaya, ai don taimako ne. Kuma ya rasu, me zai..."

"Rufe min baki! Mutumin da ƙannensa na ciki ɗaya suke tsayawa a falo sai na sa masa riga na goge masa baki kafin su shiga. Ke kanki sau nawa na ce ki jira a waje? Na rufa masa asiri yana raye, ya mutu na ga an rufe shi, ke kin tono shi kin shimfiɗa a titi don layi ya hau. Takalmi kika mayar da shi?"

Auta ta ja baya, amma ba ta sauke murya ba. "To ki zage ni. Amma karanta wannan tukuna." Ta miƙo wayarta. Wata mata ce ta rubuto: "Baiwar Allah, na ga inda kika kafa gwiwa da yadda kika ja zanin. Yau na juya mahaifina ni kaɗai, bai yi ƙara ba. Na daɗe ina karanta irin wannan ban gane ba sai da na gani." Irinsa suna da yawa a ƙasa.

Mai Kek ta karanta, ranta ya ƙara ɓaci, don gaskiya ne. Duk rubutun da ta yi bai kai inda bidiyon nan ya kai a yini ɗaya ba.

"Goge shi," ta ce, ta tura mata tata wayar.

"Yaya, wasu sun riga sun kwafa."

"Wannan tsakaninki da Allah. Goge na wurina."

Auta ta goge tana ƙunƙuni, wai yanzu jama'ar za su watse, an koma gidan jiya. Mai Kek ta karɓe wayar, ta canza lambar sirri a gabanta. Sannan ta shiga ɗaki ta yaye labule don haske ya shigo, ta shimfiɗa zani biyu a gado, ta jera matasai, ta jingina wayar a taga.

"Zo ki kwanta."

"In yi me?"

"Ba gani suke so ba? Za su gani. Ke ce mara lafiyar. Saki hannun dama, kar ki taimake ni ko kaɗan. Yau juyi, gobe canza zani, jibi wanka a kwance."

"Wanka! Yaya, ni fa ina da kwastomomi. Ƙawayena duk suna bin shafin nan." Ta hau gadon tana jan siket ɗinta ƙasa. "To aƙalla a rufe min fuska."

Mai Kek ta tsaya da matashi a hannu, ta dube ta tun daga sama har ƙasa.

"Au, ashe kin san fuska?"

Mai Kek ta ɗauko tawul ta yafa mata a kai, ta danna wayar, ta yi bisimilla, ta kafa gwiwa a bakin gado.

"'Yan'uwana masu jinya," ta ce, muryarta ba ta gama hucewa ba, "ku dubi inda hannuna yake."