Hatsin Baba a Rumbun Surukarsa

Babanmu mutum ne da bai iya cewa a'a ba. Ban faɗi haka don in zarge shi ba, Allah ya jiƙansa, har gobe ina ƙaunarsa. Amma da wani zai zo ya nemi aron ɗankwalin da ke kan Inna, to sai dai ta ji iska na kaɗa mata kai.

Muna zaune ne a wani ƙauye kusa da Sule Tankarkar, a shekarun da 'yan kasuwar Gumel suka fara yatsina fuska in an miƙa musu kuɗin wuri, suna cewa sai dai kwabo. Gonarmu ba ƙarama ba ce, jigawa ce mai son gero. Duk da haka kowace shekara labarin ɗaya ne. Da kaka a ɗaure ɗan abin da aka samu a zuba a rumbu, daga nan sai sallama ta yawaita a ƙofar gida. Wannan zai yi wa ɗansa aure, wancan baƙi sun sauka masa. Baba ya hau rumbu ya jefo dami, yana ba su haƙuri wai ba yawa. Kafin bazara ta ƙare ɓera ma ya daina kwana a rumbun.

Da ruwa ya sauka kuwa, lokacin da kowa ke duƙe a gonarsa, sai Baba ya saɓa hauya ya tafi ƙodago a gonar wani mai hali da ke gabas da gari, a auna masa hatsin da za mu ci a ranar. Tamu gonar ciyawa ta shaƙe geron. Sai ya samu yammaci ɗaya ko biyu ya je ya ɗan taɓa ta, a gajiye. Da kaka a sake samun kaɗan, a sake rabarwa. Na taso ina jin haushin gonar mutumin nan kamar ita ta yi mana laifi.

Inna ta yi magana, ta yi fushi, ta yi kuka. Kullum Baba zai ce ta yi gaskiya, kuma da zuciya ɗaya yake faɗa. Washegari a yi sallama, ya hau rumbu.

Shekarar da nake ba da labari, ina da kamar shekara tara, an gama ɗaurin gero ke nan Inna ta durƙusa gefensa ta ce, “Malam, da za a kai dami goma sha biyu wajen Iya, rumbunta da fili. Abincin damina ke nan.” Iya ita ce mahaifiyar Inna, kakarmu, tana zaune a wani ƙauye da ake zuwa a dawo kafin azahar. Baba ya ce to, don ita ma Inna bai iya ce mata a'a ba. Shi da kansa ya yi ta lodi a jaki yana kaiwa, ya sauke a bayan danga ya juyo da sauri. Bai yi tunanin yadda za a yi hatsin ya dawo ba. Inna kam ta yi.

Duk surukin kirki yana kunyar uwar matarsa, amma ta Baba ta wuce misali. Bai taɓa shan ruwa a gabanta ba. In ya hango ta a hanya, sai ya ratse cikin gona ya tsuguna har ta wuce. An ce wata rana ya gan ta a kasuwar Maigatari, ya shige bayan raƙuman kanwa ya bar jakinsa tsaye shi kaɗai, sai da wani maƙwabcinmu ya koro masa shi.

Rani ya bi da mu yadda ya saba. Abin da ya rage a rumbun gida ya tafi gidajen mutane, muka koma ga abin da Inna ke samu a kaɗi da daddawa. Ana tsakiyar zafin bazara matar Baffa, ƙanen Baba, ta haihu. Baffa ya zo a gaban mutane ya ce ba shi da abin yin suna. Baba ya ce, “Kada ka damu, dami biyu na wajena.” Sai da ya shigo gida ya tuna inda hatsin yake.

Inna ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, “Hatsinka ne, Malam. Yana wajen Iya.”

Ni ya fara aika. Na tarar da Iya tana ɓarzar wake, na isar da saƙo. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Ke 'yar ƙwailar nan, ke kika kawo hatsin? Wanda ya kawo shi ya zo ya karɓa da bakinsa. Zo ki sha fura, ƙafafu kamar sillen kara.”

Kwana biyu Baba yana kai da komowa a tsakar gida. A rana ta uku ya sa rigarsa ta Juma'a, ya ce in zo in raka shi. A hanya ina jin sa yana maimaita abin da zai faɗa, ƙasa-ƙasa. Tun daga nesa ya tuɓe takalma, ya tsuguna a bakin danga ya yi sallama. Yadda aka saba, Iya daga cikin ɗaki take amsa masa, ba sa ganin juna. Ran nan sai ga ta ta fito da tabarmarta, ta shimfiɗa ta zauna dab da shi.

“Sannu da zuwa, Malam. Kun zo lafiya? Ya zafi? Ya mai jego?”

“Lafiya lau, Iya. Lafiya lau.” Kansa na ƙasa, yana zane a rairayi da ɗan tsinke.

Ta gaishe shi da gida, da jaki, da mutanen gari ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta ce, “To, lafiya dai?”

Gumi na bin gemunsa. Ya buɗe baki ya ce, “Da ma, Iya…” Sai ta juya ta ƙwala wa wata jikarta kira, ta ce a kawo wa Malam tuwo ya ci a nan, ya sha hanya. Baba ya miƙe zumbur. “Da ma gaisuwa na zo,” in ji shi. Ban taɓa ganin ya yi sauri irin na ranar ba, sai da na yi gudu na cim masa.

A lokacin dariya ta kusa kashe ni. Da muka isa gida na ga ya wuce wajen Baffa, ya daɗe, ya dawo idonsa ja, sai dariyar ta koma ciki. Wannan ne karo na farko da ya yi alkawari ya kasa cikawa, kuma ga ɗan'uwansa uwa ɗaya uba ɗaya. Baffa ya sayar da akuyarsa aka yi suna ba armashi. Iya ta aika wa mai jego ƙwaryar gero daga nata hatsin, ta ce a yi mata kunun kanwa, amma hakan bai hana Baffa ɗauke ƙafa daga gidanmu ba har bayan sallar layya. Abin ya ci Baba ƙwarai. Inna ma na ga ta share hawaye a bakin murhu, sai dai ba ta ce a je a ɗauko ba.

Ruwan shuka ya sauka, aka yi shuka. Ranar da gero ya isa noman fari, da sassafe sai ga jakin gidan Iya a ƙofarmu da dami biyu, da saƙon cewa in sun ƙare a aiko, wasu na tafe. Inna ta hau sussuka. Baba ya daɗe tsaye yana kallon turmin, sannan ya saɓa hauya ya fita.

Ina leƙensa ta danga. Da ya kai mararraba sai ya yi gabas, hanyar gonar mai halin nan, don ƙafarsa ta saba. Ya yi taku kamar goma ya tsaya cak. Ya dubi hauyar, ya waiwayo gida. Sai ya juya ya bi hanyar gonarmu.

Da rana ta take na kai masa fura. Na same shi ya nome kunya bakwai, ciyawa kwance a bayansa tana bushewa. Ya zauna a gindin gawo ya shanye, ya goge baki, yana ta kallon gonar daga wannan iyaka zuwa waccan kamar baƙo.

“Shekara tara,” ya ce. “Tun da aka haife ki ban taɓa cin abincin rana a nan ba.” Ya miƙo mini ƙwaryar. “Ki gaya wa innarki gobe ma a nan za ki same ni.”