Ajin Zaure

Akwai ranar da har yau ba ta fita raina ba, ranar da na sallami ɗalibaina daga zauren gidana da bakina. Ku da kuke cikin aikin malanta yanzu, wata rana za ku iso inda na tsaya, shi ya sa nake so ku ji.

Lokacin Argungu da Birnin Kebbi duk suna ƙarƙashin Jihar Sakkwato. Ina koyarwa a wata firamare a Argungu, ina riƙe da aji shida, kuma ni ne mataimakin hedimasta. Takardar malanta mai daraja ta biyu gare ni, wadda a zamaninmu ita ce abin taƙama. Dokar aiki kuwa, idan shekarunka suka cika, ofishin ilimi zai sanar da kai ka tafi hutun barin aiki, daga wannan hutu kuma ba dawowa. Nawa ya faɗo a tsakiyar zango, saura 'yan makonni yara su zauna jarrabawar shiga sakandare.

Na sami sakataren ilimi na roƙe shi ya bar ni in kai yaran bakin jarrabawa. Ya saurare ni cikin girmamawa, ya ce shi ma umarni yake bi daga Sakkwato, kuma an riga an turo wadda za ta karɓi ajin. Aka yi mini walimar ban kwana a gindin dogonyaro, aka ci kifi aka sha fura, malamai suka ba ni darduma da buta. Kowa ya ce na huta. Ni ma na ce alhamdu lillahi, don gwiwoyina sun daɗe suna roƙon hutun.

Kwanakin farko sun yi daɗi. Ina da 'yar gonar albasa a fadama, sai in tafi da sanyin safiya in dawo kafin rana ta take. Matsalar ita ce gidana ba shi da nisa da makaranta. Duk sanda aka buga ƙarfen shiga aji sai in ji shi har cikin ƙirjina. Ko ina cikin shan kunu, sai in sami kaina na ajiye ludayi ina neman hula. Mai ɗakina Hajo ta yi ta dariya, daga baya ta daina, ta koma kallona kawai.

Ana haka yaran suka fara zuwa gaishe ni bayan la'asar. Daga gaisuwa sai wata yarinya mai suna Asabe, wadda ta fi kowa ƙwaƙwalwar lissafi a ajin, ta fito da wani lissafin rabawa da ya gagare ta. Na warware mata. Washegari suka zo da yawa. Kafin mako ya zagayo na samo katako na shafe shi da baƙi na jingina a bangon zaure. Ba zan ɓoye muku ba, ranar da alli ya sake ɓata mini yatsu na ci tuwo fiye da yadda na saba.

Sabuwar malamar sunanta Rifkatu. Iyayenta mutanen Filato ne, mahaifinta kafinta ne a Birnin Kebbi, can aka haife ta, kuma ba ta daɗe da fitowa daga kwalejin horon malamai ba. Ban taɓa zama da ita ba. Abin da na sani kawai shi ne yara kan ce hanyar da take bi a lissafi daban ce da tawa, ni kuma in ce su bi wadda suka saba. A ganina taimako nake yi. Ban san cewa wasu sun fara ƙin zuwa makaranta da safe ba, iyayensu na tura su fadama suna cewa ai Malam na nan da yamma, me za su tsinta wurin yarinya.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, sai ga ta da kanta. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta tambayi jiki da gona. Ta dubi allon nan, sannan ta yi magana.

"Baba, in kana zaure, ko ina tsaye gaban allo ba ni cikin aji. Duk abin da nic ce, sai su ce Malam bai hwaɗi haka ba."

Ta ce ba ƙara ta kawo ba. Ta yanke shawarar neman a mayar da ita Birnin Kebbi, amma ta ga bai kamata in ji a bakin wani ba.

Da farko raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata, yaran nan ni na raine su tun ba su iya riƙe fensir ba. Amma da ta tafi, sai na tuna farkon aikina a Gulma. Tsohon malamin da na gada, daga ranar da ya miƙa mini aji bai ƙara taka harabar makarantar ba, alhali gidansa na cikin garin. Shekara da shekaru ina ɗaukarsa mutum marar kula. Sai a ranar na gane irin ƙoƙarin da ya yi wajen danne zuciyarsa, don in samu in zama malami.

Na aika mata cewa kada ta nemi canji. Da yaran suka taru washegari, ban ɗauki alli ba.

"Daga yau babu karatu a zauren ga," na ce musu. "Malamarku tana makaranta, kuma abin da tac ce shi na daidai. Wanda duk yab bar ajinta, ni da kaina zan kama hannunai in kai shi."

Asabe ta tambaye ni ko wani laifi suka yi. Na ce babu. Ta rufe fuska da gyale ta fita, sauran suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Daga nan na zagaya gidajen iyayen da ke hana yara zuwa da safe, na gaya musu ni na gama, wannan ce malamar 'ya'yansu. Wasu sun ji daɗin maganar, wasu suka ce girma ya sa na fara ƙyuya.

Ranar jarrabawa na tafi fadama tun da wuri da gangan, na yini ina cirar albasa, rabin hankalina na wani wuri. Da sakamako ya fito, yaran sun ci sosai, har sun fi abin da nake samu a wasu shekarun nawa. Asabe ta sami makarantar kwana ta 'yan mata. Hajo ce ta kawo mini labarin yadda suka yi dafifi gidan malamarsu suna murna. Na yi farin ciki na gaskiya. Amma akwai wani ɗan abu da ya soke ni a ƙasan zuciya, wanda na kasa gaya wa ko Hajo: ashe za a iya ba tare da ni ba.

Rifkatu ta daɗe a aikin, har ta zama shugabar makaranta a Birnin Kebbi, kuma ba ta taɓa wuce Argungu ba tare da ta tsaya ta gaishe ni ba.

A kwaleji an koya mana yadda ake shiga aji, da yadda ake tsayawa gaban yara, amma ba wanda ya koya mana yadda ake fita. Mu malamai mukan ɗauka yaran namu ne, saboda yadda muke son su. Aro aka ba mu. Idan lokacinka ya yi, ka miƙa su da hannu biyu, ka koma gefe ka yi musu addu'a. Zai yi zafi, kuma zafin nan shi ne shaidar cewa ka yi aikin da zuciya ɗaya.