Firiji Uku Da Adireshin Da Ba Ya Zama

Gumel

Ranar Laraba, tun kafin a kira assalatu wayata ta yi ƙara. Gwaggo Rabi ce, ƙanwar mahaifina, mai shagunan maganin dabbobi a Gagarawa da Sule Tankarkar da Maigatari.

"Habu, abin nan naka ya makance. Ba na ganin firiji ko ɗaya, gobe kuma kasuwar Maigatari."

Ni na haɗa mata abin. Kowane shago akwai firiji mai aiki da sola, inda ake ajiye allurar rigakafin shanu, da 'yar kwamfuta mai auna sanyinsa. A jikin rawuta, wato na'urar da ke kawo intanet shagon, na buɗe ƙofa ɗaya da ke kai mai shigowa daga waje kai tsaye wurin kwamfutar. Ta nan Gwaggo ke duba sanyin daga ɗakinta. Sai dai kamfanin layin ba ya barin rawuta da adireshi ɗaya. Ko wuta ce ta ƙifta sai ya canja, wayar Gwaggo ta yi ta sallama a gidan da aka tashi. Na roƙe su su ba mu tsayayye, suka yi ta ce mini sai an duba har na gaji. Don haka ina idar da sallah na saɓa jaka na nufi tasha, raina a ɓace.

Gagarawa

Direba ya rantse mutum ɗaya ya rage, amma sai da rana ta fito muka tashi. Da hantsi na isa. Malam Isa mai tsaron shago ya tarbe ni da kunu da ƙosai, firijinsa kuwa sanyi ƙalau. Na yi wa rawutan rajistar suna tsayayye, na sa shi ya riƙa kai rahoton sabon adireshinsa ga sunan duk lokacin da aka canja masa. Na kashe shi na kunna don gwaji, na kira Gwaggo.

"Ga shi nan ina gani," in ji ta. "Saura biyu."

Sule Tankarkar

Babur na hau, muka yanke ta cikin ƙauyuka, yashi na jan taya. A wani shinge jami'i ya ga wayoyi a jakata, ya sa na zazzage komai a ƙasa, sannan ya ce in wuce.

Mai tsaron shagon nan, Garba, da fara'arsa ya gaya mini ai ya gyara. Wai wani mai gyaran waya ya ce ya zura tsinke a ramin bayan rawuta ya danna.

"Garba, ka san me ka yi? Ka goge ƙofar, ka goge komai!"

"To ai fitilarsa na ci, Malam Habu."

Na haɗiye abin da ya zo mini baki. Na sake gina komai daga tushe, na liƙe ramin da salatif. Fura da nono kawai na sha bayan azahar na kama hanya.

Maigatari

Bayan la'asar na sauka. Gari ya fara cika, shanu da raƙuma na ta shigowa ta bakin iyaka. Sani, ɗan Baffana, shi ke riƙe da wannan shagon, kuma tare muka tashi a gida ɗaya. Na same shi da wani dattijo makiyayi daga ƙetare, yana ƙulle masa kwalaben allura a leda.

Na duba rawuta, babu layi a ciki. Na buɗe firiji, ga shi maƙil da lemo da ruwan leda. Allurar kuwa tana cikin kwali a ƙarƙashin tebur. Na taɓa kwalba ɗaya, ɗumi kamar an ajiye ta a rana.

"Sani, tun yaushe?"

"Haba Yaya, shekaranjiya ne kawai. Gobe kasuwa, ruwan sanyi tashi yake. Zan mayar."

"Layin fa?"

"Na cire ne don kada Gwaggo ta tayar da hankalinta."

Na karɓe ledar daga hannun dattijon na ce, "Baba, kada ka sayi wannan. Ta mutu. Ko ka yi wa shanunka, daidai take da ruwa."

Ya dube ni, ya dubi Sani. "Cuta ta shiga garken maƙwabcina," ya ce a hankali. "Kwana na yi a hanya saboda wannan allurar."

Sani ya ja ni gefe yana cewa in rufa masa asiri, ai saniya ba ta magana. Wannan kalmar ce ta ƙarasa ni. Na daka masa tsawa har masu shayi suka leƙo. Na sa ya fito da layin daga wayarsa, na mayar, na saita sunan da ƙofar, na kira Gwaggo a gabansa na gaya mata komai. Ta ce a fasa kwalaben duka, Sani ya ba ni makulli, Malam Isa kuma ya taho da allurar Gagarawa cikin ƙanƙara da sassafe. Dattijon ya ce zai jira. Ni da kaina na farfasa su a rami bayan shago.

Gumel

Ana kiran magariba motarmu ta shigo gari. A zauren gidanmu na tarar da Baffa, mahaifin Sani, labari ya riga ni isowa.

"Habu, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. A bainar jama'a za ka tozarta ƙaninka saboda dabbobi?"

Na durƙusa na ce, "Baffa, dabbobin nan su ne abincin gidan wani."

Ya ɗauki takalmansa ya fita, har yau kuma gaisuwata da gyaɗa kai kawai yake amsa ta.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Malam Isa, wanda ya isa Maigatari kafin kasuwa ta ci, da dattijon nan da ya kwana a ƙofar shago bai zagi kowa ba. Sani kuwa, ban huce ba tukuna.