Ga Ruwa, Ga Katin Zaɓe

An tabbatar mini tawadar zaɓe ba ta da wari. Amma ni duk ranar da abokina ya dawo daga rumfar zaɓe ya zauna kusa da ni a bencin ƙofar masallaci, ina jin ta har maƙogwaro. Kuma mutumin nan bai iya ajiye hannu ba. Da yatsan mai tawada zai kira mai shayi, da shi zai sosa gemu, da shi zai kori ƙudan da babu shi.

Gida ɗaya aka haife mu a unguwar New Bell ta birnin Douala a Kamaru, damina ɗaya, a hannun ungozoma ɗaya. Iyayenmu maza daga ƙauye ɗaya suka taso a ƙasar Katsina, suka biyo shanu har bakin teku. Yau shi ɗan ƙasa ne, ni baƙo mai katin zama. Ka san abin da ya raba mu? Ilimi. Ilimi ne ya cuci gidanmu.

Babana ya yi gadi a kantin wani Bature, can ya tsinci Faransanci, ba da yawa ba, daidai wanda zai jefa mutum a rami. Baban abokina kuwa, wanda muke kira Baba mai ruwa, ko bonjur bai iya ba. Garwa biyu da sanda a kafaɗa, daga famfo zuwa gidaje. Douala ke nan, ruwan sama ba ya hutawa, lungunmu taɓo har idon sawu, amma na sha sai an kawo maka.

Ina ɗan yaro aka zo rubuta mutanen unguwa. Aka kafa tebur a gindin mangwaro, wani akawu mai farar riga ya zauna da ƙaton littafi. Ina tuna ƙanshin tsire daga bakin titi, da yadda dattawa suka jeru cikin rigunan Juma'a alhali ranar Talata ce. Baba mai ruwa bai ma san ana yi ba. Ya biyo ta wurin da kayansa, aka tura shi gaba don ya samu ya wuce.

Akawu ya ce, "Tu viens d'où?" Wato daga ina kake.

Baba mai ruwa ya ga mutum yana gumi yana yi masa magana, ya ɗauka ƙishirwa ce. Ya sauke garwa ya ce, "Ga ruwa."

Akawu ya rubuta Garoua, babban birnin nan na arewacin Kamaru. Shi ke nan, an gama.

Babana yana bayansa, ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Da aka zo kansa ya gyara riga, ya yi gyaran murya, ya ce, "Moi, Katsina, Nigeria." Akawu ya ce, "Très bien." Wato madalla. Wannan très bien ɗin Baba ya yi shekaru yana ba baƙi labarinta.

Sai zaɓe ya zo. Aka ba Baba mai ruwa kati, ya kai wa baduku ya ɗinka masa gidan fata kamar laya. 'Yan siyasa suka riƙa shigowa gidanmu, su tsallake ƙofar Baba, su durƙusa a ƙofar mai garwa. Baba ne mai rediyo, shi ya san kowane ɗan takara da abin da ya faɗa. Zai zaunar da abokinsa ya yi masa bayani tun daga hantsi har azahar, shi kuwa ya je ya jefa takardar da launinta ya fi masa kyau. In ya dawo Baba ya tambaye shi, sai ya ce, "Malam, ai sun ce sirri ne."

Ran nan na ji Inna tana tankaɗe tana cewa, "Da ka yi shiru ranar nan, Malam."

Baba ya ce, "Garin da aka binne ubana ba zan musanta shi don kwali ba." Ya faɗa da ƙarfi, amma idonsa yana kan layar maƙwabci.

Ashe doka ta ba yaron da aka haifa a nan dama ya je ya ce yana son zama ɗan ƙasa kafin ya cika shekarun girma. Ni da na yi aji huɗu a lakwal, wato makarantar boko, sai da na yi furfura na ji wannan. 'Ya'yana kuwa duk suna zaɓe, wai saboda ubansu a nan aka haife shi. Ka ji fa. Ni ne tsanin, kowa ya taka ya hau, an bar ni jingine da bango.

Ban ce a ba kowane mai wucewa kati ba. Amma iyayena biyu suna kwance a ƙasar nan. Sau ɗaya na je Katsina, na ce a kai ni lopital maimakon asibiti, yara suka bi ni suna kiran ɗan Kamaru. In taɓon New Bell ake tambaya wa ya kamata ya yi zaɓe, ya san ƙafata fiye da ta rabin masu kati.

Bara 'yata, mai aikin ofis, ta ce, "Baba, tashi mu je a buɗe maka dosiye, wato fayil na neman zama ɗan ƙasa." Abokina ya raka mu har bakin titi yana ba ni shawara: "Kai dai in sun tambaye ka, ka ce ga ruwa."

Wata yarinya sa'ar jikata ce a bayan kwamfuta. Ta tambayi asalin mahaifina. Wallahi kalmar tana bakina, har na ji sanyinta. Na buɗe baki, sai na ji muryar Baba ta fito, da gyaran muryar da komai: "Katsina, Nigeria."

Ta buga, ta ɗago ta yi murmushi. "Très bien, Papa."

Gadona ke nan, na karɓa cif. Dosiye tana can, an ce in yi haƙuri. Abokina yana nan yana korar ƙuda. Ni kuma kullum in na yi alwala ina ƙara wanke yatsan nan sau ɗaya, don kada ranar ta zo tawada ta ƙi kamawa.