Kawu Tauno da Ƙofar Masu Doro

Layi uku jaridar garinmu ta ba Kawu Tauno Rautio da ya rasu. Ta ce tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ya yi shekara tamanin da uku, yana son kamun kifi. Shi ke nan. Wata biyu bayan haka ƙungiyar masu kamun kifi ta kafa wani allo a bakin Rafin Kivi, da zanen kifi da sunan shugabanta, an rubuta wai su suka ceci kifin rafin a shekarar fari. Na karanta, na sake karantawa, na koma mota na zauna. Ni ba marubuciya ba ce. Daga sakandare kantin kayan gini na wuce, kuma ina can har yau. Amma ina wurin aka yi komai, tafin hannuna ne ya sale. Don haka bari in faɗi yadda aka yi.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Iyayensu daga Finland suka zo suka kafa gida a gaɓar arewa ta Tafkin Superior, inda Rafin Kivi yake gangarowa daga daji ya shiga tafki. A gidan aka haife shi, a gidan ya mutu. Shekara talatin da huɗu yana gyaran layin dogo. Ba shi da yawan magana, in ka ce masa yaya jiki, sai ya ce, "Ga mu nan." Matarsa Aili ta riga shi da daɗewa, ba su haihu ba, sai ya zamana ni ce mai leƙa shi. Ran Asabar ya hura wutar ɗakin wankan tururi, ran Lahadi ya dafa miyar kifi da dankali da madara, ya ci rabi, ya ajiye mini rabi. Haka yake juya kwanakinsa har kaka ta shigo.

Da ganyen daji ya fara ja, sai masu doro su iso. Ƙaramin kifi ne daga dangin da ake kira salmon, mai nama ruwan hoda. In lokacin ƙwai ya yi sai namijin ya fito da doro, bakinsa ya lanƙwashe, su taso daga tsakiyar tafki su nufo rafin da aka ƙyanƙyashe su. Mutanen garinmu sun raina wannan kifi. Su dai a ba su ƙaton da za su rungume a ɗauke su hoto. Mai doro kuwa, wai namansa ruɓus ne, na kyanwa.

Denis Caron, shugaban ƙungiyar, mai ƙaton tumbi, ajinmu ɗaya da shi a makaranta, kuma tun lokacin bakinsa ya fi aikinsa. In ya hango Kawu sai ya rage gudun mota ya leƙo.

"Sarkin masu doro! Yaya talakawanka?"

"Suna gaishe ka," in ji Kawu. "Sun ce in tambaye ka wata nawa cikin."

Abin da su Denis ba su sani ba shi ne laifin nasu ne, ba na kifi ba. Su sai kifi ya kwana biyar a rafi, ya yi duhu, ya rame, sannan su kama shi su jefa a bayan mota rana na dukansa. Kawu kuwa a bakin tafki yake tsayawa da sassafe da 'yar sandarsa ta kamun kifi, ya zaɓi sabbin zuwa masu sheƙi kamar azurfa. Da ya fito da kifi sai ya yanke shi a maƙoshi jini ya tsiyaye, ya binne shi cikin ƙanƙara. Huɗu yake kamawa ya tsaya. Ya jiƙa su cikin gishiri da jan sukari su kwana, gobe ya kyafe su da ɗanyen itacen bakin rafi. A walimar kaka ta coci, da idona na ga Denis ya koma tire sau uku yana tambaya wane kifi ne wannan.

Doka ɗaya Kawu ya kafa mini tun ina yarinya. In ka ga wuri ya yi fari fes a cikin tsakuwar rafi, to macen kifin ce ta share da jelarta ta zuba ƙwai ta rufe. "Ba a taka ɗakin maijego," haka yake cewa. Har yau in na ga mai dogon takalmin roba yana ratsa irin wurin, sai na yi masa tas.

Amma babban aikinsa buɗe ƙofa ne. Rafin Kivi ƙarami ne. In bazara ta yi ƙarancin ruwa, iskar yamma kuma ta taso, sai igiyar ruwa ta tara tsakuwa ta toshe bakin rafin. Ruwan rafi ya taru a baya ya zama kududdufi, kifi su taru a gaba, tsakaninsu tudun da bai fi taku goma sha biyar ba. Duk shekarar da haka ta faru, Kawu yakan ɗauki shebur ya je ya buɗe musu. Ba wanda ya sa shi. Wani ma'aikacin gandun daji ya taɓa zuwa ya tsaya ya kalla, ya sha kofinmu, ya tafi bai hana ba.

Dalilin Kawu ɗaya ne. "Shekara biyu cif kifin nan yake yi a duniya," in ji shi. "Ya zo, ya zuba ƙwai, ya mutu. In na bana ba su shiga ba, baɗi waccan wa zai dawo? Rafi ya zama kango."

To, shekarar farin da allo yake magana a kai, Kawu yana da saba'in da tara, kuma a watan Mayu aka yi masa aikin zuciya. Likita ya ce ko buhun dankali kada ya ɗaga. Satumba ta shigo ba ɗigon ruwa, bakin rafi ya toshe fiye da yadda na taɓa gani. Kifi suka iso suka yi baƙi a gaban tudun, fararen tsuntsayen tafki suna shawagi a kansu.

A nan zan faɗi nawa laifin, don ba na son a ce na wanke kaina. Ni na ɗauke sheburin na ɓoye a but ɗin motata.

"Lorna, ina sheburina?"

"Ya tafi hutu. Kai ma hutun kake yi."

"Uwar masifa. Haka uwarki take, ko kaza ba ta bari ta sha ruwa da daɗi."

"Na ji. Sha maganinka."

Kawu ya ɗauki bokitinsa ya je ya kife shi a kan tudun ya zauna yana kallon kifi. Kwana uku yana haka. Ran na huɗu Denis ya shigo kantinmu sayen ƙusa, ni kuma da bakina na gaya masa abin da ake ciki. Ya bugi ƙirji ya ce aikin minti ashirin ne. Da la'asar ya aro ƙaramar katafila, 'yan ƙungiya biyar suka biyo shi, har da mai ɗaukar hoto.

Kawu ya tashi daga kan bokiti ya ɗaga hannu. "Denis, kada ka yi faɗi. Kuma kada ka fuskanci yamma."

"Baba, koma ka zauna. Yau talakawanka kwalta za su samu."

Ya yanka hanya mai faɗin mota, miƙe sak tana kallon inda igiya take fitowa. Ruwan da rafi ya yi wata guda yana tarawa ya ɓalle gaba ɗaya, ya baje a kan tsakuwa kamar an zubar da ruwan wanki a tsakar gida. Zurfinsa bai rufe idon sawu ba. Kifin da suka yi ƙoƙarin hawa suka maƙale rabin jiki a waje, tsuntsaye suka samu biki. Kafin gari ya waye iska ta taso, igiya ta shigo ta ƙofar da aka wangale mata, ta mayar da tudun har ya fi na da. Kududdufi kuwa ya koma taɓo. Garin neman gira an rasa ido.

Da safe na fito da sheburin na jingina a ƙofar Kawu. Na ce, "Faɗi abin da za a yi. Amma ni zan yi, kai baki ne naka."

"Babu abin yi yau," in ji shi. "Ba shebur ke buɗe ƙofa ba, ruwa ne. Sai ya taru."

Ya kafa sanda a cikin taɓon, ya ɗaura mata jan ƙyalle a daidai gwiwarsa. Sai jira. Ban taɓa ganin kwanaki masu nauyi kamar waɗannan ba, ko da yake ba abin da ke faruwa a cikinsu. Da safe in kawo kofi da burodi, mu zauna mu kalli sanda. Ruwa yana hawa da faɗin yatsa biyu, yatsa uku. Kifin da ke gaban tudu suna ta yin duhu, doron mazan yana ƙara fitowa. Ran na huɗu Kawu ya nuna mini wasu 'yan ƙwallaye ja a bakin gaɓa. Wasu matan sun kasa riƙewa sun fara zubarwa a tafki, inda igiya za ta kwashe. Bai ce laifina ba ne. Da ya faɗa ma da ya fi mini sauƙi.

Ran na shida ruwa ya taɓa ƙyalle, iska kuma ta juyo daga wajen daji, tafki ya kwanta luf. Kawu ya ɗauki sandar kamun kifinsa ya ja layi a kan tsakuwa, daga bakin tafki zuwa kududdufi. Layin bai miƙe ba, ya karkata gabas, ya ba igiya baya.

"Daga ƙasa za ki faro, ki hauro. Faɗin shebur ɗaya. In kika ƙara, ruwa ya yi kasala."

Na fara haƙa. Mai ganin tsakuwa daga nesa ya ɗauka yashi ce. Kafin in yi taku biyar bayana ya riƙe, hannuna ya yi bororo. Ina cikin haka sai ga motar Denis. Ya fito shi kaɗai, ba mai hoto, da shebur sabo fil, ko takardar farashin ba a ɓare ba. A kantinmu ya saya.

"Injiniya!" na ce. "Ina kwaltar?"

"Lorna, don Allah bari. Matata ma ba ta bar ni na ci abinci ba." Ya juya ga Kawu ya cire hula. "Baba, ina zan sa hannu?"

"Bayanta. Ka kwashe abin da ta tono ka zuba ta yamma. Ka ga ko cikin zai sauka."

Gaskiya ita ce Denis ya yi aiki ranar, ba zan ci haƙƙinsa ba. Awa uku muna yi, Kawu yana bisa bokiti yana cewa, "Zurfi, ba faɗi ba." Da ya rage kamu ɗaya tsakaninmu da kududdufi, sai ya ce mu tsaya. Ya taso ya miƙo hannu. Na dube shi, ya dube ni.

"Sau ɗaya," na ce.

"Sau biyu."

Na ba shi. Ya soka sheburin sau biyu, ya ja da baya. Ruwa ya fara bin ramin siriri kamar zare, sannan ya yi kauri, ya fara cin gefe da kansa, tsakuwa tana gangarawa tana ƙara. Cikin rabin awa ƙofar ta kai gwiwa zurfi, ruwa yana fita da ƙarfi har cikin tafki. Kifin suka ji shi. Na farko mace ce, ta tsaya a baki kamar mai sallama, sannan ta wuce fit. Sai biyu, sai goma. Daga nan ba ƙirge. Muna tsaye suna gogar junansu a ƙarƙashin ƙafafunmu, suna haye kududdufi suna shiga daji. Denis ya buɗe baki bai rufe ba.

Kawu bai kama ko ɗaya ba a ranar. Ya ce waɗanda suka sha wannan jira ba na tukunya ba ne. Da yamma muka bi rafi a hankali, yana tsayawa yana hutawa, yana nuna mini wuraren da suka fara yin fari a cikin tsakuwa.

Shekara biyu bayan haka 'ya'yansu suka dawo. An yi ruwa sosai a kakar, ƙofa a buɗe take, ba wanda ya taɓa shebur. Na kai Kawu da kujerarsa da bargo, ya zauna ya kalla har rana ta yi sanyi. Ya kama huɗunsa, na kyafe masa, ya ce gishiri ya yi yawa.

Na sami Denis a kan maganar allo. Ya sosa ƙeya ya ce kwamiti ne ya rubuta, za a gyara. Ina jira. Sheburin yana but ɗin motata, kuma wannan karon ba ɓoye shi na yi ba. Bana ma ruwa ya yi ƙaranci, jiya na je na ga bakin rafi ya toshe. Na kafa sanda, na ɗaura jan ƙyalle. Ya rage yatsa huɗu ruwa ya taɓa shi.